Tambayi Malamin Gona: Tumatirin Sef, Farin Ƙuda da Famfon Feshi

Assalamu alaikum masu lambu. Wasiƙun wannan watan kusan duk kukansu ɗaya: an yi shuka ba a lokacinta ba don a riski tsada, ƙwari sun far mata, kuɗin magani ya cinye ribar tun ba a kai kasuwa ba. 'Yan'uwanmu na Najeriya da Nijar masu karanta mu, ku lura da lissafinmu a nan Sudan. Lokacin tumatir na asali shi ne shita, wato sanyin Nuwamba zuwa Fabrairu. A lokacin kaya kan yi yawa har mai lambu ya rasa mai saye. Daga Maris zuwa Yuni sef ne, zafi ya haura 40, sai harif ya biyo baya da ruwa da laka. A waɗannan watannin tumatir ke zama zinariya, a cikinsu kuma yake kashe jari.

Daga wani matashi mai lambu a bakin kogi, kusa da Maiwurno: *Baba Malam, barka da aiki. Na dasa tumatir rabin faddan (faddan kusan eka ɗaya ne) a watan Maris, ina ba shi ruwa da babur. Da farko ya yi kyau. Da ya yi kamar mako 3 sai ganyen sama ya fara nannaɗewa, ya ƙanƙance, gefensa ya yi rawaya, shukar ta tsaya cak. In na taɓa ta sai wasu fararen ƙwari su tashi kamar toka. Duk kwana 3 nake feshi, na canza magani sau 4, furen ma zubewa yake. Wane magani ne ya fi ƙarfi in saya?*

Ɗana, Allah ya mayar maka da alheri. Kafin mutanen Kano su yi dariya, babur a wurinmu injin ban-ruwa ne, ba abin hawa ba.

Ka daure ka ji abin da mai shagon magani ba zai faɗa maka ba: babu kwalbar da za ta miƙar da ganyen nan. Karmasha ce ta kama ka, wato cutar nannaɗewar ganye. Cutar tana cikin jikin shukar ne, kamar yadda zazzaɓin cizon sauro ke cikin jini, farin ƙudan da kake gani kuwa shi ne sauron. In ya zauna a kan shuka mai ciwo ya tsotsa na minti 15 zuwa 30, ya ɗauka ke nan, kuma ya yi ta rabawa har ya mutu. Alamar ba ta fitowa sai bayan mako 2 zuwa 3. To ka lissafa da kanka. Ka ce mako 3 da dashe ka ga nannaɗewar, ashe tun a mashtal, wurin renon iri, ko a kwanakin farko na dashe aka sa maka cutar. Feshin da ya biyo baya duk ihu ne bayan hari.

Zubewar fure kuma laifin rana ne. In zafin yini ya haura 35, dare kuma bai sauko ƙasa da 24 ba, garin furen tumatir kan mutu, furen ya bushe ya faɗi bai ɗaura ɗa ba. Ba ƙwaro a ciki balle a fesa masa wani abu.

Feshin kwana 3 ɗin nan shi ya fi tayar mini da hankali, domin na ga ƙarshensa da idona. Ina saurayi, wajen 1980, aikina shi ne ƙirgar ƙwari a hawashoshi, wato gonakin auduga na Jazira. Mu fita da asuba da littafi da fensir, mu riƙa juya ganye muna rubutawa. A shekarun 1950 sau ɗaya ko biyu ake fesa wa auduga magani a shekara. Zuwa ƙarshen shekarun 1970 jiragen sama na yi mata wanka wajen sau 8, amma farin ƙuda, wanda a da ba a ma sa shi cikin manyan abokan gaba, sai ya zama sarki. Ka shiga hawasha ka fito rigarka na danƙo kamar an zuba mata zuma. Asala muke ce wa wannan darɓar. Ta manne a jikin auduga, injinan masaƙa a ƙasashen waje suka riƙa sarƙewa, farashin audugar Sudan ya faɗi. Da masana suka zauna sai suka gano maganin ya share masu cin farin ƙudan ne, shi kuwa yana laɓe a ƙarƙashin ganye, ga shi ya saba da gubar. Wannan masifar ce ta sa a 1979 Hukumar Binciken Aikin Gona ta Wad Madani da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka buɗe shirin yaƙi da ƙwari ta hanyar haɗa dabaru, abin da ake kira mukafaha mutakamila. Daga auduga aka gangaro lambu, a 1993 aka fara makarantun manoma a cikin gona, inda ake zama a gindin itace kowane mako, kowa ya kawo ƙwaron da ya kama a rarrabe mugu da na kirki.

A irin wannan zaman ne wani dattijo ya ba mu dariya. Ya ce shi tun yana yaro ake gaya masa a tatsuniya Gizo macuci ne, sai ga shi da furfura ana ce masa Gizo da matarsa Ƙoƙi su ne masu gadin lambunsa ba ko sisi. Gaskiya ya faɗa. Gizo-gizo da ƙoƙi-ƙoƙi duk ƙwari suke ci. Haka abul id, ɗan jan ƙwaron nan mai ɗigo-ɗigon baƙi a baya, shi da tsutsarsa abincinsu ƙananan ƙwari ne masu tsotsar ganye. Akwai kuma wasu ƙananan dangin zanzaro, da ƙyar ido ke ganinsu, masu saka ƙwai a cikin jikin 'ya'yan farin ƙuda su cinye su daga ciki. Gobe da sassafe ka shiga lambunka ka duba ko za ka ga saƙar gizo ko ɗaya. Na san ba za ka gani ba.

Batun canza magani sau 4, ka tattaro kwalaben ka karanta ƙananan rubutun da ke ƙasan babban suna. Sau da yawa suna huɗu ne, sinadari ɗaya. A jikin magani na ƙwarai akan sa lambar rukuni: imidacloprid da danginsa 4A ne, cypermethrin da deltamethrin da lambda duk 3A ne. Wanda ya bar 3A ya koma 3A riga kawai ya canza.

Yanzu abin yi. Duk shukar da ta nannaɗe tun tana ƙarama ba za ta ba ka komai ba sai rabon cuta ga maƙwabtanta. Ka rufa mata buhu tukuna don kada ƙudan ya watse, ka tuge, ka binne nesa. In mafi yawan lambun ya kamu, ka haƙura ka kife shi, ka sa lalo ko ganyen rijila ko ajjur, ɗan'uwan kokwamba, masu jure zafi da saurin kawo kuɗi. Man babur ɗin da za ka ƙona kan tumatirin da ya riga ya mutu ya fi ƙarfin abin da zai dawo maka da shi.

Baɗi kuwa, in Allah ya kai mu, a mashtal za ka yi yaƙin. Ka kafa baka da sanduna ko ƙarfe a kan gadon reno, ka lulluɓe shi da raga mai ƙananan ido, irin wadda ake kira mesh 50, ka danne gefenta da ƙasa ta yadda ko ƙofar allura babu. Gidan sauro na ɗaki ba ya hana farin ƙuda, ta cikin idonsa yake wucewa. In ragar ta gagara, farin yadin nan marar nauyi da ake rufe kankana da shi yana yi. Shatla, wato ƙananan shukar, ta yi mako 4 zuwa 5 a ciki, ka dasa da yamma. Wata guda kafin dashen ka riga ka kewaye filin da layi 3 ko 4 na dawar abu sab'in ko masara. Katanga ce: tana tare iskar zafi da ƙurar habub, tana rage shigowar ƙuda, masu gadin nan kuma su sami mafaka, daga ƙarshe awaki su ci. Tsofaffinmu kan sa tumatirin sef a tsakanin layukan lubiya adasi, wani wake mai tsayi, don inuwa, kuma an gwada shuka kasbara, wani ganye mai ƙanshi, a tsakanin tumatir a Jazira an ga karmasha ta ragu. Kada ka dasa a gefen tsohon tumatir ko auduga ko kuɓewar da ta tsufa, can ne garinsu. Wurin sayen iri ka tambayi mai jure karmasha da zafi, ana rubuta TY a jikin gwangwanin irin waɗannan. 

Ka yanka tsohuwar jarka mai ruwan ɗorawa gida-gida, ka shafa wa kowane yanki giris ko man zurma, ka rataye daidai kan shuka. Farin ƙuda na son rawaya kamar me. Kada ka zaci tarkon zai ƙarar da su. Ɗan saƙo ne kawai, ya gaya maka ranar da suka iso da ta inda suka shigo. Ni sau 2 a mako nake zagaya nawa, in ratsa lambun daga kusurwa zuwa kusurwa, in juya ganyen shuka 20. In na ga abin yana hawa, darbejiya nake fara ɗauka. Sai ta kasa nake zuwa shago, kuma in fesa ƙarƙashin ganye da yamma, a ɓangaren da abin ya kama kaɗai.

Shawara ta ƙarshe, wadda na san ba za ka so ba: rabin faddan ya yi yawa ga mai koyo. Ni ma shekarar da na fara na zuba kuɗin auren ƙanwata a tumatirin sef, abin da na tsinka bai cika safiha, wato gwangwani, 10 ba, sai da na sayar da tunkiya biyu kafin in iya kallon mahaifiyarmu. Ka fara da rubu'i.

Daga wani dattijo mai sagiya, wato lambun ban-ruwa, a Kasala: *Ustaz, wata tsutsa ce ta addabe mu. Tana shiga tsakanin fatar ganye ta cinye cikinsa ya koma kamar takarda, sannan ta huda tumatirin ta wajen hanci. Ɗana da ke Kano ya ce su sharon suke ce mata. Mun fesa har mun gaji.*

Alhaji, ina gaisuwa, ina gaida sauran masu sagiya. Ɗanka ya gane ta. Tuta absoluta ke nan, baƙuwa daga Kudancin Amurka. Ta sauka Sifen a 2006, ta iso Sudan a 2010, a 2016 kuma ta yi wa Najeriya ɓarnar da har jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir.

Ka fara tabbatarwa ita ce. Akwai wata ƙaramar tsutsar ƙuda mai zana siririn layi mai lanƙwasa a ganye kamar rubutun yaro, wannan ba ta kai a ɗaga mata hankali ba. Tuta faffaɗan tabo take yi, in ka ɗaga ganyen a rana za ka ga baƙin kashinta a ciki, wani lokacin har ita kanta.

Abin da ya sa feshinku bai ci ta ba, tana cikin ɗaki ne ta rufe ƙofa, ku kuna wanke rufin. Uwarta ƙaramar malam-buɗe-littafi ce mai ruwan toka, da dare take yawo, guda ɗaya kan saka ƙwai har 260, kuma a zafi irin namu wata guda ya ishi ƙwai ya zama uwa. Shi ya sa take saurin sabawa da magani.

Akwai ɗan roba mai ƙanshin mace da ake sayarwa, feromon. A rataye shi a kan tasa mai ruwa da ɗan sabulu ko mai, mazan su zo su faɗa. Guda 1 ko 2 a faddan sun isa su sanar da kai ta iso. Don rage yawanta kuwa sai wajen 8 zuwa 16, a sa tun kafin dashe, a canza robar bayan mako 4 zuwa 6, a riƙa ƙara ruwa domin rana na shanye shi. Ganyen da ta shiga da tumatirin da ta huda, jikoki su tsince su a baƙar leda, a ɗaure a bar ta a rana. Kada a watsar a bakin jadawal, hanyoyin ruwa, kamar yadda muka saba, reno ne ake yi mata. A cire gautan kaji da zaƙami a kewaye, a cikinsu take jiran shekara. In za a fesa, a nemi Bt, maganin da ake yi da wata ƙwayar cuta mai kashe tsutsa, tun tsutsar tana ƙarama, ba ya taɓa masu gadi. In ta fi ƙarfinsa akwai spinosad, rukuni na 5, da emamectin na 6, da chlorantraniliprole na 28. A yi wata guda da rukuni ɗaya a bar shi, a koma wani.

Sai dai, Alhaji, wannan aikin na gayya ne. In kai ka tuge tsohon tumatirinka ka ƙone, maƙwabcinka ya bar nasa tsaye wata 2 yana jiran tsintar ƙarshe, tsugune ba ta ƙare ba. Kai babba ne, maganarka tana da nauyi a masallaci. Ka tara su ku sa ranar da kowa zai share filinsa, a sami makonni da babu tumatir ko ɗaya a unguwar kafin sabon dashe.

Daga wata uwar marayu a Gadarif: *Malam, ina da ɗan lambu a bayan gida, kuɓewa da lalo da ganyen jirjir, da shi nake ciyar da yara in sayar da saura. Tun da aka fara yaƙi magani ya fi ƙarfina, kuma ina tsoronsa saboda yara kan tsinka su ci. An ce darbejiya tana yi. Yaya ake haɗa ta?*

'Yar'uwa, Allah ya raya miki su. Tun Afrilun 2023 ba ke kaɗai ba ce, ga tsada ga jabu ya cika kasuwa. Darbejiya tana yi, kuma a ƙasar nan wani masani ya ga ƙarfinta da idonsa. A 1959 fara ta sauka Sudan ta cinye duk wani kore, wani Bajamushe masanin ƙwari, Heinrich Schmutterer, ya ga itacen nim, wato darbejiya, kaɗai ta bari da ganyensa. Daga nan bincikensa ya tashi.

Ƙarfin yana cikin ƙwallon, ya fi na ganye nesa. Ki tara 'ya'yan da suka nuna suka yi rawaya, ki wanke naman, ki shanya a inuwa har su bushe sarai, ki adana a buhun da iska ke shiga. Wanda ya yi fumfuna ki zubar. Ki fasa ki sheƙe ɓawon, ki daka ƙwayar a turmin da ba na abinci ba. Giram 50 ga kowace litar ruwa, wato kilo 1 a jarka mai lita 20. Ki jiƙa da magariba ya kwana, washegari ki tace da ƙyalle mai laushi sau 2, ki narka ɗan guntun sabulun sanda a ciki don ya kama ganye. Ki fesa bayan la'asar sakaliya, saboda rana na kashe ƙarfinsa, kuma ki bi ƙarƙashin ganye. In babu famfo, tsintsiya mai laushi ma ta yi. Wanda ya ragu kada ki ajiye shi, ki haɗa sabo bayan kwana 5 zuwa 7.

Kada ki tsaya jiran ganin gawa. Darbejiya hana ƙwaro ci take yi, ta hana shi saɓa, ya rame ya mutu a hankali. Mutane da yawa sun yar da ita a kwana na biyu suna cewa ba ta aiki. Jirjir da lalo ki bar su kwana 2 ko 3 kafin yanka, ki wanke da kyau, in ba haka ba miyar za ta yi ɗaci yara su yi miki bore. Jiƙon da garin kuma ki ɗaga su sama inda hannun ƙarami ba ya kaiwa.

Daga Damazin: *Gindin tumatirina yana yin baƙi ya lotsa tun yana ɗanye. Na fesa maganin fumfuna sau 3 a banza.*

Ƙanena, ajiye famfon. Wannan ƙishirwa ce. Kana barin ƙasa ta bushe har ta tsage, sannan ka cika ta da ruwa kamar tafki. A tsakanin nan sinadarin kalsiyam ba ya isa gindin ɗan, sai wurin ya mutu. Ka riƙa ba da ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai, da sassafe ko da yamma, ka shimfiɗa ciyawa busasshiya a gindin shuka, ka rage yuriya. Waɗanda suka yi baƙin ka cire, na bayansu za su fito lafiya.

Daga wani kambo, unguwar 'yan ƙodagon gona, a Jazira: *Baba, na samu ragowar maganin auduga a jarka ba takarda, da araha. Zan iya fesa wa kuɓewa da ajjur? Maƙwabcina yana yi, nasa kuwa sun yi shar.*

A'a, ɗana. Auduga ba a cin ta, kuma akan yi makonni tsakanin feshi da tsinka. Kuɓewa duk kwana 2 ake tsinkar ta, ajjur kuma ɗanye ake ci da gishiri da shatta. Kowane magani yana da fatratul aman, kwanakin da dole a jira kafin a tsinka, a jikin takarda ake rubuta su tare da zanen launi a ƙasa: ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Jarkar da ba takarda ba ka san sunan abin da ke ciki ba, balle kwanakinsa, kuma in wani ya sha likita ma bai san da me zai fara ba.

Tun da a kusa da ku ana amfani da shi, ka riƙe wannan. In mai feshi ya fara zufa mai yawa, yawu na dalala, ga amai da ciwon ciki, baƙin idonsa ya tsuke kamar kan allura, a fitar da shi daga gonar, a tuɓe masa kayan, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu. Kada a ɗura masa madara ko mai, kada a sa shi amai da ƙarfi. A kwantar da shi a gefe ɗaya, a garzaya asibiti mafi kusa, a tafi da jarkar. Ita jarkar kuma ko an wanke ta sau 10 kada ta koma ta ruwan sha.

Mai son in duba masa cuta a wata mai zuwa ya ɗauki hoton ganyen sama da ƙasa, ya faɗi garinsu, da ranar da ya dasa, da sunan duk abin da ya riga ya fesa.